Kilematis yana ta yaɗo amma ba fure, ina matsalar take?

Maman_Ikram_Baladji:
Assalamu alaikum jama'ar lambu. Shawara nake nema kan furen nan mai yaɗo, kilematis. Guda biyu ne, daga Faransa aka kawo su cikin 'yan tukwanen roba, yanzu suna shekara ta uku a nan Ngaundere. Ɗaya takardarsa na nan, an rubuta Nelly Moser, ta ɗayan ta ɓace. Suna cikin kwamin siminti a jikin katangar da ke kallon yamma, zurfin kwamin bai wuce santimita 25 ba. Duk wata ana zuba musu takin zamani NPK 20-10-10, wani lokaci har da kashin kaji. Da damina yaɗo har ya haura katanga, ganye shar, amma ko ƙullin fure ɗaya babu. In hunturu ya shigo ganyen ya bushe sai a datse su har ƙasa. Me ya hana su fure?

DanTibati:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Tun kafin a je ko'ina, 20-10-10 duk wata da kashin kaji a kai, ai ganye kika saya, ganye aka ba ki. Ki tsayar da takin nan tukuna.

Malam_Buba_Dang:
Taki na ciki, amma ni almakashin na fi zargi. Kilematis ba iri ɗaya ba ne, kuma masu lambu sun kasa shi gida uku bisa ga reshen da yake ɗora fure a kai.

Gida na farko su ne masu fure a kan reshen bara kawai, irin su montana da alpina da armandii. Duk wanda ya datse su da rani ya zubar da furen shekarar gaba ɗaya. Askinsu sai bayan sun gama fure, shi ma ragi ne kawai.

Gida na biyu su ne masu manyan furanni, kuma nan Nelly Moser yake. Wani gidan rainon furanni a Basai (Versailles) ta Faransa ne ya fitar da shi a 1897. Furensa na farko, wanda ya fi girma da yawa, yana fitowa ne daga gajerun rassan da ke tohowa a jikin karan bara. Abin da ke ruɗar mutane shi ne in ganyen ya zube, karan yakan koma siriri, ruwan ƙasa, yana ɓantarewa, ka rantse ya mutu. Alhali da ransa. Ki sa farce ki ɗan kankare bayan karan: in kika ga kore-kore da danshi a ƙasa, yana nan. Sannan ki duba gaɓa, za ki ga idanu biyu, wato inda toho ke fitowa, suna fuskantar juna, ɗaya a kowane gefe. Askin wannan gidan daga sama ake farawa, a bi kara a hankali ana gangarowa har a tarar da idanu biyu na farko masu ƙiba, a yanke kamar santimita ɗaya a samansu, a tsaya nan. Matattu da raunana kaɗai ake cirewa daga tushe. Bayan furen farko ya zube sai a yanke ƙasa da shi zuwa idanu biyu na gaba, shi ke kawo zubi na biyu.

Gida na uku su ne masu fure a kan sabon reshen bana, irin su Jackmanii da viticella da texensis. Waɗannan ne ake datsewa sosai, a bar santimita 20 zuwa 30 daga ƙasa, sama da idanu biyu masu lafiya. Lura, ko su ba a aske su ƙwal har ƙasa.

To ke kin yi wa ɗan gida na biyu askin da ya zarce na gida na uku, shekara bayan shekara.

Hajiya_Dija_Banyo:
Malam Buba, Allah ya ƙara sani, amma ina da gyara. Datsewa kaɗai ba ta isa ta hana Nelly Moser fure ɗungurungum ba. A Turai in aka datse shi sosai, zubin farko ne ake rasawa. Yakan zo ya yi fure daga baya a kan sabon reshe, ƙanana kuma kaɗan. Hasali ma shekarar farko bayan dashe kowane iri ana rage shi zuwa santimita 30 don ya yi rassa da yawa daga ƙasa maimakon kara ɗaya tal. Tunda Maman Ikram ta ce ko ƙulli ɗaya ba ta taɓa gani ba, akwai wani abu bayan almakashi. Ni kwamin nan nake kallo.

Malam_Buba_Dang:
Haka ne Hajiya, na karɓa. Dalilai ne suka haɗu.

Lambu_Garwa:
Kwamin kam shi ne babban laifi. Saiwar kilematis doguwa ce mai nama, ƙasa take nitsewa tana neman sanyi. Santimita 25 ba su ishe ta ba. Ko a tukunya za a sa shi, ana son zurfi da faɗi su kai santimita 45 aƙalla. Ga siminti, ga katangar yamma da ke shan ranar azahar zuwa la'asar tana mayar da zafin cikin dare. Ki gwada: wajen ƙarfe uku na rana ki tura yatsa cikin ƙasar ta gefen simintin. In kin ji ɗumi kamar ruwan wankan jariri, to saiwar na cikin wahala, kuma shukar da saiwarta ke dahuwa ba ta ɗaure fure, ko ta ɗaure sai ƙullin ya bushe ya faɗi tun yana ƙarami.

Ƙa'idarsa ita ce kai a rana, ƙafa a inuwa. A Turai ana cewa awa shida na rana. A nan kuwa ranar safe ake so, daga fitowarta zuwa wajen sha ɗaya ko sha biyu, sannan inuwa. Wato katangar da ke kallon gabas. Nelly Moser ma musamman, rana mai ƙarfi na kwashe launinsa, jan layin nan da ke tsakiyar kowane kunnen fure ya koɗe ya zama fari-fari.

Yadda za a dasa a ƙasa: rami santimita 45 kowane gefe da zurfi, a nesanta shi da katanga santimita 40 don kada ya faɗa ƙarƙashin zubar ruwan kwano ko cikin busasshiyar ƙasar gindin gini. Ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen kashin shanu kashi ɗaya, wanda ya kwana biyu har ya daina wari ya yi baƙi. A nitsar da shukar santimita 5 zuwa 8 ƙasa da yadda take a da, yadda idanu biyun farko za su shige cikin ƙasa. A rufe saman da ciyawa ko ɓawon gyaɗa kaurin santimita 5 zuwa 8, amma a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da karan.

Maman_Ikram_Baladji:
Na gode ƙwarai. To wanda takardarsa ta ɓace fa, yaya zan gane gidansa?

Malam_Buba_Dang:
Hanyar da ba ta ƙarya ita ce ki bar shi shekara guda ba aski, sai cire matacce. In ya yi fure, ki bi reshen da furen yake kai da ido zuwa baya. In gajeren reshe ne, gaɓa biyu ko uku, da ya fito daga tsohon kara mai ruwan ƙasa, gida na farko ko na biyu ne. In furen yana can ƙarshen dogon reshe kore da ya taso bana, na uku ne. A Turai da wata ake ganewa, wanda ya yi fure kafin Yuni da wanda ya yi bayansa, amma wannan lissafin ba ya aiki a nan tunda yanayinmu daban. Ki ɗaura wa tsofaffin karan ɗan zare mai launi yanzu, don in yaɗo ya cakuɗe ba za ki bambance na bara da na bana ba.

Abba_Farcha:
Ku yi haƙuri, duk kuna kewaye-kewaye ne. Kilematis na lambu ɗan ƙasar sanyi ne. Montana daga tsaunukan Himalaya da Sin ya fito, viticella daga kudancin Turai, Jackmanii kuwa a Ingila aka haɗa shi a 1858. Idanun da ke jikin karan bara barci suke yi, kuma sanyin hunturun can ne, makonni a jere ma'aunin zafi na ƙasa da digiri 7, ke tashe su su toho tare su ɗaure fure. In babu wannan sanyin sai su toho jefi-jefi ko su ƙi, shukar ta yi ta jan ganye tana raunana duk shekara. Ga kuma tsawon yini: a Faris yinin watan Yuni na kaiwa awa 16, mu kuwa kusa da 12 muke shawagi shekara duka. Wannan ba taki ko almakashi ke gyara shi ba. A Injamena da Kusiri da Marwa da Garwa, inda Afrilu ke wuce digiri 40, asarar kuɗi ce kawai. Wanda ke son katangarsa ta yi fure ya sa bugenbiliya ko antigonon, shi ma fure ne mai yaɗo, ya huta.

Injiniya_Yaya_Ngdere:
Alhaji Abba, maganarka a kan Injamena da Garwa ba ta da gyara. Amma kada ka haɗa mu da ku. Ngaundere na kan tudun Adamawa, sama da mita 1,000, ruwan sama kusan milimita 1,500 a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma daren Disamba da Janairu sai da bargo. Gaskiya ne sanyin ba ya kai na Turai, shi ya sa gida na farko ban ba kowa shawararsa ba, na biyu kuma caca ne. Na uku shi ne mai dama-dama, don bai dogara da idanun bara ba. In saiwa ta yi ƙarfi, sabon reshe ya yi tsawo, yana iya ɗaure fure a ƙarshensa. Texensis daga jihar Texas ta Amurka yake, ya san zafi, haka viticella ma ya fi masu manyan furannin haƙuri.

Abin da za a iya yi shi ne a ara masa hutu da rani. Daga Disamba a daina taki, a rage ruwa zuwa abin da zai hana ƙasa bushewa ƙayau, a bar ganye ya zube da kansa. Bayan wata biyu a yi askin da ya dace da gidansa, a ba shi ruɓaɓɓen taki, a dawo da ruwa sosai. Ba daidai yake da hunturun Turai ba, amma ya fi a bar shi yana ja ba tsayawa wata goma sha biyu.

Abba_Farcha:
Fari ba sanyi ba ne, Injiniya. Ƙishirwa na zubar da ganye, amma ba ita ke kwance barcin ido ba.

Injiniya_Yaya_Ngdere:
Shi ya sa na ce gida na uku. Shi ba ya jiran a kwance masa komai a sama, daga gindi yake tasowa.

Sali_Domayo:
Tunda an ambaci bugenbiliya, ku taimaka mana mu na Marwa. Ita ma akwai wadda sai ganye da ƙaya, ta maƙwabta kuwa ja wur har kan titi. Iri ne ko kulawa?

Mai_Dashe_Kusiri:
Yawanci gata ne ya yi mata yawa, Malam Sali. Bugenbiliya 'yar Kudancin Amurka ce, kuma tana fure ne in ta sha rana ta ɗan ji ƙishi. Abu huɗu ke hana ta: inuwa, ruwa kullum, taki mai azot (sinadarin da ke kawo ganye), da aski a kai a kai. Tana son rana kai tsaye awa biyar zuwa shida aƙalla; wadda ke ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro ba za ta yi ba ko me aka zuba mata. Wadda ke kusa da famfo ko magudanar wanki ma haka, kullum ƙafarta a jiƙe.

Ka janye ruwa har ka ga ganyen ya ɗan sunkuya da safe, ba da tsakar rana ba, don da tsakar rana kowace shuka na sunkuyawa. Sai ka ba ta ruwa sosai sau ɗaya, ka sake janyewa. Ka yi ta haka makonni uku zuwa huɗu. Furen a ƙarshen sabon reshe yake fitowa, to mai bin ta da almakashi duk mako don katanga ta yi kyau yana yanke furen ne tun bai fito ba. A yi aski sau ɗaya bayan zubi ya ƙare. Dogayen rassan nan masu kauri da manyan ƙaya da ke harbawa sama, a lanƙwasa su a kwance a ɗaure, za su fitar da gajerun rassa masu fure a tsawonsu. A ƙasar karal ta wajenku mai riƙe ruwa, a ɗaga mata tudu a haɗa da yashi. Da damina dama furenta na raguwa, da rani take nuna kanta, wannan ba ciwo ba ne.

Hajiya_Dija_Banyo:
Maman Ikram, ƙanwata, kada ki karanta na bugenbiliya ki kai wa kilematis. Shi in ya fara toho, ƙishirwar kwana biyu na iya zubar da ƙullin furensa. Lokacin girma ƙasarsa ta kasance da danshi kullum amma ba taɓo ba. Da rani bokiti guda mai lita 10 ga kowace shuka sau biyu a mako, a zuba a gindi a hankali ya nitse, ya fi yayyafin kullum da ke jiƙa sama kawai ya jawo saiwa ta taso inda zafi yake. Ki tura yatsa gaɓa biyu. In ya fito a bushe, lokaci ya yi. Abin da za ki ara daga maganar Mai Dashe ɗaya ne, kwantar da rassa. Kilematis ma in aka baza shi gefe-gefe maimakon a bar shi ya miƙe sama, ya fi fure, kuma furen na saukowa daidai ido.

DanTibati:
Bari in dawo kan taki tunda na jefa magana ban yi bayani ba. Lambobi ukun da ke jikin buhu: na farko azot, shi ke kawo ganye da kara, na biyu fosfo, na saiwa, na uku fotas, shi ke taimakon fure da ƙarfin jiki. 20-10-10 takin masara ne, azot ɗinsa ya ninka fotas. Kashin kaji ma azot ne mai zafi, ɗanyensa har ƙona saiwa yake. Ure kuwa, farin nan mai kama da gishiri, kashi 46 cikin 100 azot ne zalla, kada ya kusanci shukar fure.

A nemi buhun da lambar ƙarshe ta fi ta farko, irin wanda masu tumatir da dankali ke saye. In an sami sulfat na fotas, giram 20 a murabba'in mita, wato kusan cokalin cin abinci ɗaya cike, a barbaɗa nesa da kara a bi da ruwa, sau ɗaya lokacin da toho ya fara. In 15-15-15 kaɗai ake da shi, ɗan abin da zai cika tafin hannu a farkon toho ya isa, ba duk wata ba. Da zarar ƙullin fure ya fara kumbura a tsayar da taki har ya gama, don furen ya daɗe.

Ƙasar kwamin da ta sha takin zamani shekara biyu, ka duba samanta za ka ga farin ɓurɓushi kamar kanwa. Gishirin taki ne ya taru. Kada a kwashe ta a kai sabon rami.

Goggo_Asta_Meiganga:
Ba sai an sayi komai ba, toka na nan a kowane madafi. Jar ƙasar Adamawa tsami gare ta, kilematis kuma ya fi son ƙasar da ke kusa da tsaka-tsaki. Tokar itace na rage tsami, tana kuma ba da fotas.

DanTibati:
Gaskiya ne Goggo, amma da awo. Giram 50 zuwa 70 a murabba'in mita, kamar cikin hannu ɗaya zuwa biyu, sau ɗaya a shekara, a tankaɗe a cakuɗa da saman ƙasa. Tokar itace ko ta kara zalla, banda wadda aka ƙona leda ko katako mai fenti a ciki. Kuma kada a haɗa ta rana ɗaya da ure ko ɗanyen kashin kaji, azot ɗin zai tashi iska, har warinsa za ki ji a hanci. 'Yan Marwa da Kusiri da Injamena kuma su bar ta, ƙasarsu da ruwan rijiyarsu ba su da tsamin da za a rage. In tokar ta yi yawa sabon ganye zai fito rawaya da jijiyoyi kore, alamar shukar ta kasa ɗaukar sinadarin ƙarfe.

Usmanu_Mokolo:
Tambaya ga Alhaji Abba da Injiniya. In sanyi ne matsalar, me zai hana a tone shi da rani a sa a firigo?

Injiniya_Yaya_Ngdere:
A ƙa'ida yana yiwuwa, don masu rainon dashe a Turai na ajiye shukokin da ke barci a ɗakin sanyi. Sai ganye ya zube, a rage karan, a girgije ƙasa, a naɗe saiwa da ɗan abu mai danshi kaɗan cikin leda mai huji, a sa a ɓangaren kayan miya wajen digiri 4, makonni shida zuwa takwas, ba ɓangaren ƙanƙara ba. Matsalolinsa uku. In wuta na ɗaukewa tana dawowa, ledar na gumi, funfuna ta kama saiwa. In akwai ayaba ko mangwaro ko tuffa a ciki, iskar da suke fitarwa in suna nuna tana lalata idanun. Na uku shi ne mafi girma: kilematis ba ya son a taɓa masa saiwa, yakan ɗauki shekara biyu zuwa uku kafin ya kafu, to wanda ake tonewa duk shekara yaushe zai kafu?

Abba_Farcha:
Ka ga ka dawo kan maganata da kanka. Shukar da sai an raba firigo da ita ba ta ƙasarmu ba ce.

Lambu_Garwa:
Akwai abin da ba a taɓo ba, cuta da ƙwari, don wani lokaci ƙullin na fitowa, cinye shi ake yi kafin a gani. Da farkon damina katantanwa na gwaguyar sabon toho daga gindi cikin dare. In an ga sawu mai sheƙi a ƙasa da safe, ita ce, a fita da tocila a tsince. Da hunturu jan gizo-gizon nan ƙanana ke zama a bayan ganye, ganyen ya yi ɗigo-ɗigo fari ya bushe. Ki riƙe farar takarda a ƙasa ki kaɗa reshen, in kin ga ƙura na tafiya, su ne. Fesa ruwa a bayan ganye da safe na rage su. Gara kuma na bin ciyawar da aka rufe gindi da ita, shi ya sa na ce a bar tazara, a riƙa ɗaga ciyawar ana dubawa duk mako. Wurin da aka taɓa yin tumatir ko kuɓewa saiwarsu ta yi ƙulu-ƙulu, kada a dasa a nan.

Sai cutar yaushi, wadda ta fi kama masu manyan furanni irin Nelly Moser. Reshe na cikin ƙoshin lafiya, sau da yawa dab da fure, sai a wayi gari ya yi laushi daga sama, ganye da sandarsa su yi baƙi, alhali ƙasa na da danshi. Funfuna ce ke shiga ta rauni ta toshe hanyar ruwa a cikin kara. A yanke reshen har inda cikinsa yake fari mai lafiya, ko da ƙarƙashin ƙasa ne, a ƙona shi, a goge almakashi da ruwan jabel, wato bilic. Saiwar ba ta mutuwa yawanci. Amfanin nitsar da idanu biyu lokacin dashe ke nan, daga su zai sake tasowa. Viticella bai cika kamuwa ba.

Hamadu_Tignere:
Abin mamaki, muna ta wahala da na Turai alhali akwai ɗan uwansa a dajinmu. Clematis hirsuta na fitowa a dazuzzukan Afirka har da nan, yana hawa kan ƙananan itatuwa a bakin rafi da gefen hanya. Furensa ƙanana ne, fari mai ratsin madara, amma a tare yake zuba su da yawa, bayan nan 'ya'yan su fito da dogon gashi mai laushi fari, da rani za ka hango shi kamar an yafa auduga a kan kurmi. Ba ya neman sanyin Turai. Ana iya samun dashensa ta kwantar da reshe: a ɗan karce ƙasan gaɓa, a binne ta santimita 5 zuwa 8 ba tare da an raba ta da uwar ba, a danne da dutse, in ta yi saiwa a yanke. Sai dai a sa safar hannu, ruwan jikin duk dangin kilematis na ƙona fata da baki, a kuma nesanta shi da yara da awaki.

Goggo_Asta_Meiganga:
Wannan ai sai ya cinye katanga, Hamadu. Wanda ya sa shi ya tanadi almakashi.

Malam_Buba_Dang:
Ƙaramin abu da ake mantawa: abin hawa. Kilematis ba ya naɗe sanda da karansa kamar wake, ba ya manne wa bango. Sandar ganyensa ce ke lanƙwashewa ta riƙe, kuma ba ta iya kama abin da ya wuce kaurin fensir sosai. Gora ko bututun ƙarfe sun yi masa kauri. A ja siririyar waya ko ragar waya, a nesanta ta da bango kamar yatsu uku don iska ta wuce. In bai sami abin kamawa ba, kan reshen na tsayawa da girma, ko iska ta karya shi a gaɓa, ta nan kuma cutar da Lambu_Garwa ya faɗa ke shiga.

Maman_Ikram_Baladji:
Allah ya saka da alheri. Akwai fili a katangar gabas. Yanzu muna Nuwamba, in mayar da su yanzu ko in jira?

Lambu_Garwa:
Ki jira. Ki haƙa ramin yanzu ki cika shi da haɗin ƙasa da taki ya zauna. Dashen kuma sai ƙarshen Janairu, lokacin suna hutu kuma dare na da sanyi. Ki jiƙa kwamin tun jajibiri, ki ɗauko su da duk ƙasar da saiwa ta riƙe, da yamma.

Hajiya_Dija_Banyo:
Ni ban yarda da Janairu ba. Fabrairu da Maris ne mafi zafi da bushewa a tudun nan, sabon dashe zai shige su ba saiwa. A bari sai ruwan farko ya sauka, ƙarshen Maris ko Afrilu. Kafin nan a jingina zana a gaban kwamin ta tare ranar yamma.

Lambu_Garwa:
In aka kai Afrilu sun riga sun toho, Hajiya, kuma tohon kilematis ko taɓa shi ka yi da ƙarfi ya karye. Tunda akwai famfo a gidan, ruwa ba matsala ba ne.

Injiniya_Yaya_Ngdere:
Guda biyu ne ai. Ta mayar da marar takarda a Janairu, Nelly Moser ya jira ruwan farko, tsohon karansa kuma kada a taɓa shi bana. Kuma ko wanne aka bi, kada a sa rai da fure a shekarar da aka yi dashe.

Abba_Farcha:
Kwamin da zai zama fanko a katangar yamma kuma, Hajiya, a canza masa ƙasa a sa bugenbiliya. Ita zafin simintin da ƙarancin wurin saiwa ba sa damunta.